Jar Tawadar Ustad Miraj

Karachi, 14 ga Janairu, 1979

Zuwa ga Yaya Zahur,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Nasim da yara. Yaya ƙafar Inna Sughra matar malaminmu, ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, sai tari da ya kama matata Shamshad sati biyu, shi ma ya lafa. Ka durƙusa ka gaishe min da Ustad Miraj, ka ce ɗansa na Karachi yana neman albarka.

Bayan haka, ga takardar gwajina ta wannan wata a ciki. Ka miƙa wa Ustad ya bi ta da jar tawada kamar yadda ya saba, ka mayar min. Shekara shida ke nan da na bar Multan na zo rubuta wa jarida kanun labarai da alƙalami, ban taɓa fashin wata guda ba, kai ma shaida ne.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Wani mutumin layinmu da ya zo nan neman aiki ya gaya min an gama ginin masallacin unguwa, saura rubutun saman ƙofa da za a gasa a kan shuɗin tayil. Ya ce Ustad ya faɗa a gaban jama'a ba shi zai rubuta ba. A cikin ɗalibansa zai zaɓi mutum ɗaya, kuma wanda ya zaɓa shi zai karɓi wuƙar nan tasa ta fiƙe alƙalami, ya zauna a shago, ya fara sa sunansa a ƙasan aiki. Haba Yaya! A bakin baƙo zan ji wannan? Ɗaliban nan fa mu biyu ne suka rage. Na san kai ɗan wansa ne, ni kuwa uwata ce kawai ta haɗa kaka da shi, zumuncin da sai an zauna an ƙirga da yatsu. To amma ai wuƙar ba ta san jini ba, hannu ta sani.

Ka tuna yadda yake juya mana baya yana shan shayinsa, ya ce ba ya bukatar ganin takarda, kukan alƙalami ya ishe shi? Sai ka ji ya ce, "Inayat, mai keken doki ma yana jan linzami in ya zo kwana, kai ina za ka da wannan gudu?" Can kuma ya ce, "Zahur, hanya ta miƙe, saki hannun mana, ba gawa ka ɗauko ba." Wallahi har yau in na zo lanƙwasar cikin harafin nun sai na ji muryarsa a ƙeyata.

Har yanzu wuni guda kake yi kan layi ɗaya? Ko wasiƙunka in na buɗe, sai in ga kamar rubutun Ustad ne aka sa wa dabaibayi. Wasa nake, kada ka kumbura.

Ka faɗa min ranar da ake so in zo. Zan nemi hutu.

Ƙaninka,
Inayat


Multan, 3 ga Fabrairu, 1979

Zuwa ga Inayat, malamin jarida,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da jin lafiyarku. Allah ya ƙara wa Shamshad sauƙi. Mu ma lafiya. Ƙafar Inna tana nan yadda take, sanyin bana bai raga mata ba. Ustad yana amsawa.

Maganar masallaci gaskiya ce. Ban faɗa maka ba don ba a aike ni ba. In Ustad ya ce a kira ka, ai na san adireshinka, tunda ni nake bin layi a gidan waya duk wata saboda kai.

Ka ce wuƙa ba ta san jini ba, hannu ta sani. Madalla. Wane hannun? Wanda yake rubuta abin da za a karanta da safe, da yamma a naɗe ƙosan pakora a ciki? Shekara goma sha tara ina shagon nan. Ni nake jiƙa tawada, ni nake goge takarda har ta yi sheƙi, ni nake zuwa bakin kogi zaɓo kara. Kai shekara bakwai ka yi, ka ce zafin Multan yana sa maka ciwon kai. Mu da muka zauna, kan namu na dutse ne.

Ga takardar gwajinka nan na mayar. Ka ƙirga jan da kyau, wuri goma sha ɗaya ne. Ustad ya ce jarida ta cinye maka hannu. Ya ce ka dubi cikin nun ɗinka, duk sun baje kamar faranti, don ba ka rage gudu in ka shiga lanƙwasa, wucewa kawai kake yi kamar mai tsoron jirgi ya tafi ya bar shi. Ba ni na faɗa ba, saƙo na isar.

Eh, har yanzu wuni guda nake yi kan layi ɗaya. Ba a taɓa dawo min da aiki ba.

Batun zuwa, ka riƙe hutunka tukuna sai an neme ka. Kuɗin jirgi ba wasa ba ne, ga iyali.

Yayanka,
Zahur


Karachi, 25 ga Fabrairu, 1979

Yaya Zahur,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida duka. Shamshad ta warke sarai, tana gaida Nasim. A shafa wa Inna man da na aiko da shi, an ce yana da kyau ga gwiwa.

Yaya, goma sha ɗaya? Tun da nake, Ustad bai taɓa wuce uku a takardata ba. Ranar da na buɗe ambulan ɗin ban iya cin abinci ba, Shamshad har ta ɗauka rasuwa aka yi. Na yi kwana biyu ina cewa a raina tsufa ne ya kama shi, ko kuwa wani ne yake zuga shi a kaina. Ba zan ɓoye maka ba, kai na zarga.

Da zuciyata ta huce na zauna na duba ɗaya bayan ɗaya, sai na ga duk gaskiya ne. Babu guda da zan yi musu a kai. A nan mai gyaran labarai a kanka yake tsaye, yana kallon agogo yana cewa injin yana jira. Hannun da ya saba da haka sai ya manta inda ake tsayawa a numfasa. Na ɗauki kwana uku ban je aiki ba, na ce musu zazzaɓi nake. Layin da ke cikin wannan ambulan sau arba'in na rubuta shi kafin in zaɓi ɗaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Ustad yakan rubuta min kalma a ƙasan takarda, ko da "ƙara himma" ne. Wannan karon ba komai, jan kawai. Fushi yake da ni? In don na tafi ne, ai da izininsa na tafi, har tasha ya raka ni.

Kai dai ka more, Yaya. Kullum kana gefensa, kana ganin yadda yake karkata wuƙa, yadda yake tsoma alƙalami. Abin da kake samu a wuni ɗaya ba tare da ka roƙa ba, ni sai in yi wata ina jiran ɗigonsa ta gidan waya. Wani lokaci in na tuna haka har wani ɗaci nake ji a bakina, Allah ya yafe min.

Ka karanta masa wannan wasiƙar duka, kada ka tsallake komai.

Naka,
Inayat


Multan, 20 ga Afrilu, 1979

Inayat,

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Man ya iso, Inna ta gode. Zafi ya fara, mangwaro ya yi fure sosai bana.

Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya yi yawa. Ga takardarka. Wuri bakwai ne yanzu. Ustad ya ce da sauƙi, amma da saura. Ba fushi yake ba, ba ya dai son yawan magana kwanakin nan.

Dattawan masallaci suna so a kai wa masu gasa tayil rubutun kafin azumi. Ustad bai ambaci sunan kowa ba tukuna. Bai kuma ce ka zo ba.

Zahur


Karachi, 6 ga Mayu, 1979

Zahur,

Ina fata Ustad da Inna suna lafiya. Su kaɗai na gaisar.

Wata biyu ka shanya ni don layi shida. A cikin wata biyun nan ba abin da ban saƙa ba, har na fito da duk takardun da Ustad ya gyara min tun shekarar da na zo, na shimfiɗa su a ƙasa ina neman inda na ɓata masa rai. Da taka ta iso na ajiye ta kusa da su. A nan ne idona ya ga abin da bai gani ba a baya. Na aro gilashin ƙara girma a wurin masu ɗab'i don kada in zalunce ka.

Ka saurara, tunda kai ma ɗan sana'a ne. Jan Ustad na da, in ya ja dogon harafin sin ko sandar harafin kaf, tawadar takan yi haske, har ka ga zaren takarda a ƙarshen jan, don hannun gudu yake. In ya shiga cikin nun sai tawadar ta taru ta yi duhu, don a nan yake rage tafiya. Iyakar matsewar lanƙwasa, iyakar duhun. Ba shi yake shirya hakan ba, hannun ne ya san abinsa, ko ɗan yaro ya zana ƙwai a ƙasa haka zai yi.

Jan da ke kan takardun nan biyu na ƙarshe, siffar ta Ustad ce, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Amma tawadar launi ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Miƙaƙƙen wuri da lanƙwasa duk tafiya ɗaya aka yi musu, a hankali, ana kallo. A gefen dogon sin har akwai 'yar rawa siririya, irin ta hannun da ya riƙe numfashi. Wannan ba rubutawa aka yi ba, zanawa aka yi. Mutum ɗaya na sani a duniya da zai iya kwaikwayon Ustad haka, kuma mutum ɗaya na sani da yake tafiya a miƙaƙƙiyar hanya kamar ya ɗauko gawa.

Na koma baya na duba. Shekara biyu ke nan, Zahur. Shekara biyu kana amsa min da sunansa! A da kana sa biyu ko uku don kada in farga, da maganar wuƙa ta taso sai ka zuba min goma sha ɗaya.

Takarduna suna isa hannunsa kuwa? Ya san ina gaishe shi? Ko ka ce masa mutumin Karachi ya manta da shi? Kai ka ce kada in zo, ko shi?

Ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata. In ba haka ba zan shigo jirgi, in shimfiɗa takardun nan a gaban dattawan masallaci, kowa ya ga wanda yake neman wuƙa ta bayan gida.

Inayat


Multan, 15 ga Mayu, 1979

Inayat,

Ka tambayi lafiyar Ustad, to ga ta, tunda yau gaskiya kake so. Ba shi da lafiya. Shekara biyu da rabi ke nan hannunsa yana rawa, ko kofin shayi ni nake riƙe masa. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, sai ya kai takarda kan hancinsa yake ganin inuwar baƙi. Ya rantsar da ni kada kowa ya ji, har kai. Yanzu haka yana kishingiɗe a bayana ina rubuta maka wannan, bai san abin da ke ciki ba.

Eh, ni ne. Ni na yi jan, gilashinka bai yi ƙarya ba, sannu da bincike. Ba jan takardarka kaɗai ba. Duk allon shago da sunan littafi da dutsen kabari da ya fita daga nan cikin shekara biyu da rabi, ni na rubuta, ni na sa sunansa a ƙasa da hannuna. Mutane su zo su tsaya suna cewa kai, Ustad Miraj sai ƙara gogewa yake da tsufa, ni ina gefe ina zuba musu shayi. Ka taɓa jin yabon aikinka yana wucewa ta saman kanka ya sauka a kan wani, kana murmushi?

Wannan duk na shanye, baffana ne, shi ya riƙe ni tun ina maraya. Abin da na kasa shanyewa kai ne. Ni nake masa wanka, ni nake kai shi salla a kafaɗata, amma da ya ji ƙarar keken mai kawo wasiƙu sai ya miƙe zaune ya ce, "Ta Inayat ce?" Takardunka duk sun isa hannunsa, ban taɓa ɓoye ko ɗaya ba. Ya kai su hanci, ya shafa da yatsa, ya ce, "Yaron nan hannunsa tashi yake kamar tsuntsu." Bai ga nun ɗinka da suka baje ba, ba ya iya gani. Ni na gani. Shekara goma sha tara, ban taɓa jin ya ce hannuna yana wani abu ba, sai dai "Zahur akwai haƙuri." Haƙuri! Jaki ma akwai haƙuri.

Ka ce ina tafiya kamar na ɗauko gawa. To yaya zan yi gudu a hanyar da ba tawa ba? Tun ina shekara goma sha uku nake bin sawun wani. Kafin in ja layi sai na tambayi kaina yadda shi zai ja. Kai ka tafi ka lalata hannunka, amma naka ne. Ni na zauna na adana nasa, na wayi gari ban san kamannin nawa ba.

Ni na ce kada ka zo, ba shi ba. Sau uku yana cewa in kira ka, ina ce masa jarida ta hana ka hutu. Na yi haka don na san in ka shigo shagon nan ka zauna ka ja layi ɗaya, shi ke nan, an gama da ni. Ban ji kunyar faɗa ba, na tsani ranar da uwarka ta kawo ka gidan nan da ɗan akwatinka na kwano.

Ka kai ni gaban dattawa in ka so, amma ka sani ba ni kaɗai za ka tsiraita ba, har da tsohon da ke

Ka zo ka ɗauki abinka. Ka yi sauri.

Zahur


Multan, 19 ga Yuni, 1979

Zuwa ga ƙanena Inayat,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Shamshad kuna lafiya. Inna tana gaishe ka, Nasim ma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ustad ya rasu ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, aka yi jana'izarsa a ranar saboda zafi. Bai sha wahala ba. Na buga maka waya ta gidan jaridarku, aka ce ba ka nan. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Sati biyar na yi ina zuwa tasha tarar jirgin Karachi. Ba ka zo ba, ba ka amsa ba. Na gane, ka raina ni ne har ba ka ga na cancanci amsa ba, kuma ban ga laifinka ba.

Ƙunshin da ya zo da wannan takarda, wuƙar ce a ciki. Bari in faɗa maka yadda ta zo hannuna, don ba wanda ya sani sai ni.

Ranar da nake rubuta maka waccan wasiƙar, raina a ɓace yake har ban ja layin fensir ba, ban auna komai ba, ban ma san abin da hannuna yake yi ba. Ina tsakiyar shafi na biyu sai na ji ya motsa a bayana, ya ce, "Inayat, yaushe ka iso?" Na tsaya cak. Ya ce, "A'a, ci gaba, kada ka tsaya." Na ci gaba da rubutu. Ya kasa kunne yana saurare, can ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka ji yadda yake gudu ya zo kwana ya lafa? Ashe Karachi ta koya maka jan linzami." Sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wuƙar, ya kamo hannuna ya danƙa min. Ya ce, "Riƙe, kai za ka rubuta ƙofar. Ka kula da Zahur. Yaron kirki ne, idonsa ya fi naka, amma tsoron takarda yake."

Ban ce masa ni ne ba, Inayat. Shi ya sa ka ga maganar ta yanke a tsakiya, na ce ka zo ka ɗauki abinka. Bayan ranar hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, bai sake tada zancen ba.

Inna ta shigo da abinci daidai lokacin da yake sa min wuƙar a hannu. Ta gani, amma ba ta ji sunan da ya kira ba. Ta gaya wa duk unguwa Ustad ya zaɓi Zahur. Dattawa sun zo sun yi min barka, suna jiran rubutu kafin azumi. Da na yi shiru, ba mai tona ni har abada. Bayan rasuwarsa na yi kwana huɗu ina gwada yin shirun. Duk sanda na ɗauki wuƙar zan fiƙe kara sai in ji yana cewa Inayat.

Abin da na fi so a duniya ya shigo hannuna da sunan wani. Sau ɗaya tak ya yabi rubutuna, shi ma kai ya yaba. Ga abinka nan. Ka zo ka rubuta musu ƙofarsu, zan jiƙa maka tawada.

Yayanka,
Zahur


Karachi, 2 ga Yuli, 1979

Zuwa ga Yaya Zahur,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaya haƙuri? Allah ya gafarta wa Ustad, ya sa Aljanna makomarsa, ya saka maka da alheri kan jinyar da ka yi shi kai kaɗai. Ka yi wa Inna ta'aziyya kafin in iso. Shamshad tana ta kuka, ni kuwa jikin lafiya, sauran sai a hankali.

Ka ce raini ne ya hana ni amsa. Ina ma shi ne, da ya fi min sauƙi. Da na karanta "ka zo ka ɗauki abinka," gatse na ɗauka kake min, na ce ba zan zo a yi min dariya ba. Wannan shi ne abin da na gaya wa Shamshad. Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba.

Ban gama shafin farko na waccan wasiƙar ba na daina ganin zagin da ke ciki, rubutun nake kallo. Ban taɓa ganin hannun nan ba. Ba na Ustad ba ne, ba kuma na Zahur ɗin da na sani ba. Dogayen ja sun tafi fes kamar an harba su, kowane nun ya zauna daram da duhunsa a ciki. Na sake aro gilashin. Na sayi jar tawada musamman don in rama goma sha ɗayan da ka yi min. Kwana uku ina nema, ban sami inda zan ɗiga ta ba.

Sai na ce ai ni ma zan iya. Na ajiye wasiƙarka a gabana ina kwaikwaya. Ka san abin da ya fito? Tawada launi ɗaya daga farko har ƙarshe, da 'yar rawa a gefen sin. Na sayi tikiti na mayar, don na kasa jure in shigo shagon nan Ustad ya ji alƙalumanmu biyu a jere. Ranar da ka buga waya ina gida a kan wasiƙarka, na ce musu zazzaɓi nake. Kai ka tsare ni wata huɗu, ni na tsare kaina sati biyar, kuma a cikin nawa ya rasu. Naka ban yafe ba tukuna, kada in yi maka ƙarya. Nawa kuwa ban san ranar da zan yafe ba.

Wuƙar tana cikin ƙunshin nan, ko zaren da ka ɗaure ta ban kwance ba. Yaushe Ustad ya taɓa zaɓe da ido ko da suna? Baya yake juya mana. Ya ce wanda yake rubutu a ranar ya iya jan linzami a kwana. Ni ban iya ba, jan da ka zuba min shaida ne, kuma duk gaskiya ka faɗa. Hannun da ya ji shi ya kamo, shi ya ba wuƙa. Sunan ne ya kuɓuce masa, kunnen bai kuskure ba.

Ka rubuta musu ƙofar. Kada ka ja layin fensir, kada ka tambayi kowa yadda zai ja. In ka ji hannun ya fara tsoro, ka tuna da ni da akwatina na kwano, ai na ga abin yana maka aiki.

Zan zo ziyarar kabari bayan salla. Kafin nan, ga takardar gwajina ta wannan wata, fashin da na yi ya isa, ba zan ƙara ba. Ka bi ta da ja, da gudun hannunka, ka sa sunanka a ƙasa.

Waccan wasiƙar kuwa kada ka tambaye ni ita, ba zan mayar ba. Tana nan manne a bango inda nake aiki, kullum sai na kalle ta, kuma kullum sai na ji haushinka.

Ƙaninka,
Inayat